Layi Shida a Bayan Agogon Baba

Ku da kuka saba bin labarina, da ku da yau kuka faɗo cikinsa, bari in amsa laifina tun ba a tambaye ni ba: ni ban iya cewa a'a ba. Ba wai ba na so ba ne. Kalmar takan taso tun daga ciki, ta iso maƙogwaro, ta leƙo ta ga mutane, sai ta koma. A gidanmu har tsokanata ake yi, wai ko ruwan zafi ake zuba min a ƙafa sai na jira mai zubawar ya ƙarasa zancensa.

Halin nan gadonsa na yi. Babanmu, Allah ya jiƙansa, mai aski ne. Shekara arba'in yana riƙe da kawunan mutane, ba a taɓa jin ya ɗauki zancen wani ya kai wa wani ba. Tun yana saurayi akwai wani tsohon attajiri da ba ya yarda kowa ya taɓa masa kai sai shi. Ran nan bayan an gama aski, tsohon ya kwance agogon hannunsa ya ajiye kusa da almakashi, ya ce, "Riƙe wannan. Na zaga duniya, ban taɓa ganin mai askin da ya iya shiru ba sai kai." Baba ya buɗe baki zai ce abin ya yi yawa, ya kasa. Kun ga inda na samo nawa.

Agogon na zinare ne, irin na da, wanda masana in sun gan shi sai sun gyara zama. Fuskarsa da fara ce, yanzu ta koma kalar shayi mai madara. Gilashinsa ya ɗan yi tudu, maɗaurinsa na fata ne, kuma ba ya cin batir, kullum da safe sai an murɗa shi. Mu biyar ne a wurin iyayenmu, ni ce auta, kuma ni Baba ya ce a ba wa. Yayyena maza sun ɗan yi gunaguni, amma tunda kowa ya ji da kunnensa, maganar ta mutu.

Da na karɓa sai na kai wa abokin Baba, wani tsoho mai gyaran agogo da ke wani ɗan shago a ƙarƙashin bene. Ya maƙala gilashinsa a ido ɗaya, ya daɗe yana dubawa, sannan ya zaunar da ni kamar 'yar makaranta.

"Ɗan kunnen nan na gefe da ake murɗawa, ki cire agogon daga hannu kafin ki murɗa shi. A hankali. Da kin ji ya fara tauri, ki tsaya. Agogo kamar tsoho ne, in ya ce ya ƙoshi ba a yi masa ɗura."

"To, Baba."

"Ruwa kuwa, ko hannu za ki wanke ki cire shi. Turarenku na mata, ki fesa ki bari ya bushe tukuna. Kar ki ɗora shi a kan rediyo, kar ki jefa shi a jaka mai maganaɗisu. Ki nemi ƙyallen goge tabarau, da busasshen burushin haƙori na jarirai, da tsinken sakace don lungu-lungu. Shi ke nan kayan aikinki." Ya sauke gilashin ya dube ni da ido biyu. "Na ƙarshe, kuma shi ne babba. Kar ki yarda kowa ya sa masa inji wai zai fito da ƙyallinsa. Inji ba datti yake cirewa ba, zinaren yake ferewa. Abin da ya tafi kuwa ya tafi."

Na ce to. Amma akwai abin da ko shi ban gaya masa ba.

A bayan agogon, wurin da ke manne da fatar hannu, akwai wasu 'yan layuka sirara a jere, kamar an ja su da allura. Wata rana da rashin lafiyar Baba ta yi nisa, ina zaune kusa da shi, ya juya agogon ya miƙo min.

"Ƙirga."

"Shida."

"Ku nawa ne?"

"Biyar."

Ya ɗora farce a kan layi na uku. Ya ce kowane layi haihuwa ce. Wannan kuwa yarinya ce da ta yi kwana tara a duniya ta koma, tun kafin a haifi yawancinmu. "Mamanki ba ta son zancen. Ke ma na gaya miki ne don na san inda na ajiye." Na bi layukan da ido har na ƙarshe, wanda ke can gefe dab da baki. Ban tambaya ba, na san ni ce.

Babu hotonta, babu ko rigarta a gidan. Layin nan kaɗai ne. To ku riƙe wannan, yanzu ga Sheƙi.

Ba sunansa ke nan ba, yayata ce ta laƙaba masa, ya kuma bi shi. Yana da wurin wanke motoci da goge su, kuma duk motar da ta fito daga hannunsa za ka iya duba haƙoranka a ƙofarta. A shagon sayar da littattafai da nake aiki muka haɗu. Ya zo a buga masa takarda, kafin in gama sai na ɗago na tarar ya ciro hankici yana goge mana gilashin kanta. Ya ce, "Ki yi haƙuri, idona ne ba ya jurewa." Tun daga ranar kullum akwai takardar da yake buƙata.

Mutum ne mai surutu, shi yana zuba ni ina tara. Amma in na buɗe baki, wanda ba kullum ba ne, sai ya kife wayarsa a kan tebur ya juyo gaba ɗaya. Wannan abu yana taɓa ni, ko da yake ban taɓa gaya masa ba.

Gwaggona, yayar Baba, wadda ta tare a gidanmu tun rasuwar, ita kam ta gama yanke hukunci tun ranar da ya ɗauki butar shayinta da ta yi baƙi ƙirin ya dawo da ita kamar sabuwa.

"Shekara ashirin da tara, ke Auta! Kin tsaya wai karatun yamma, sa'anninki suna kai 'ya'ya makaranta ke kina kai kanki. Ga yaro ɗan albarka, ko ƙafarsa ba ta ɗaukar ƙura. Me kike jira, a aiko miki da takarda?"

Ita da kanta ta tsayar da cewa manyansa za su zo ranar Asabar su ga namu. Ba wanda ya tambaye ni. Ni kuma ban ce ba na so ba, ban ce ina so ba. Kun dai san ni.

Ranar Alhamis da yamma ita ce ranar da nake yi wa agogon wankansa, in ji Gwaggo, ko da yake ruwa ba ya kusantarsa. Na shimfiɗa farin tawul a kan teburin falo, a ƙarƙashin tsohon madubin askin Baba da muka rataye a bango. Ina sanye da doguwar rigata ruwan toka mai ƙananan furanni a hannu, ɗankwalin ma ban ɗaura da kyau ba, don sai ƙarfe biyar nake tsammanin Sheƙi. Fankar sama tana ta ƙiƙi-ƙiƙi ɗinta. Na kawar da maɗaurin fatar gefe, na bi gefen gilashin da burushi, ina zaro ɗan dattin da ke maƙalewa a lungun kunnen da tsinke. Mama tana bakin ƙofar kicin da tire a cinya tana tsintar shinkafa. Gwaggo tana kan doguwar kujera tana ba fanka umarni.

Ƙarfe huɗu da rabi sai ga sallamar Sheƙi. Farar riga, farin wando, takalmi kamar an lashe shi, ƙamshi ya riga shi shigowa. Ya durƙusa ya gaida su Mama, ya juyo, idonsa ya faɗa kan tawul.

"Ranki ya daɗe, mene ne wannan? Burushin jarirai? Haba! Kina da ni a gari kina wahala da tsinken sakace?"

Kafin in motsa ya ɗaga agogon wajen hasken taga.

"Kai! Wannan zinare ne na gaske fa. Amma an zalunce shi. Dubi ƙarce nan, dubi nan, dubi yadda ya dushe. Ba ni shi kwana ɗaya tak. Ranar Asabar in kika miƙo hannu da tiren shayi, sai kawuna ya nemi baƙin tabarau."

"Ka ji ɗan halak!" in ji Gwaggo, har da tafi. "Ni dama na gaji da ganin abin nan kamar an tono shi a rami. Kullum tana shafa shi kamar jinjiri, ba ya ƙara haske ba ya ragewa."

Jama'a, wallahi kalmar ta taso. Ta iso har bayan haƙorana. Amma in na ce a'a, zai ce don me. In na ce mai gyara ya hana, Gwaggo za ta ce tsohon nan mai ido ɗaya me ya sani. Abin da zai rufe bakin kowa shi ne layukan, layukan kuma ba za su faɗu ba sai da ta ukun, ga Mama zaune taku huɗu daga inda nake. Na dube ta. Kanta na kan shinkafa.

"Ba ka ga ta yi shiru ba?" Gwaggo ta ce. "Kunya ce. Ɗauki abinka, ɗana."

Ya naɗe shi a hankicinsa kamar ƙwai, ya sa a aljihun gaba, ya dafa wurin. Har ya tafi ina jin hannuna na hagu babu nauyi, kamar na fita ba ɗankwali.

Washegari da safe na farka na miƙa hannu kan akwatin gefen gado don in murɗa shi, na taɓa katako. Na ɗauki waya. Ni da na koyi rubutu da girmana, kowace kalma sai na auna ta kafin in sake ta. Na rubuta, "Don Allah agogon nan kar ka sa masa inji." Na ga ya yi kama da umarni, na goge. Na rubuta wani dogo, mai fara da godiya da yabon aikinsa, na kai layi tara ban iso kan maganar ba, na goge. Daga ƙarshe ga abin da na tura:

"Ina kwana. Ka tashi lafiya?"

Ya amsa da fure uku da zuciya ɗaya. Na lallashi kaina a hanyar shago cewa ƙila ƙyalle kawai zai sa masa. Ai mutum mai hankali ne. Ai butar shayi daban, agogo daban.

Wajen ƙarfe sha ɗaya, ina jera littattafan lissafi na 'yan firamare, wayar ta yi ƙara a aljihun rigata. Hoto ne. Agogon Baba kwance a kan shuɗin ƙyalle, an rufe gilashinsa da maɗaurinsa da farin tef, tsaf-tsaf kamar mara lafiya a ɗakin tiyata. Kusa da shi wani ɗan inji mai kan auduga, bai fi girman yatsa ba. Sai saƙo ya biyo:

"Kar ki ji komai, ranki ya daɗe. Mu a aikinmu akwai ƙa'ida, ba a fara taɓa mota a inda ido ke gani. Sai an gwada a ɓoyayyen wuri tukuna. Shi ma ta bayansa zan fara, inda ke manne da hannu. Ko an samu matsala ba wanda zai sani."

Littattafan suka zube a ƙafata. Da ma ganganci gare shi, da ta fuska zai fara, in yi kukan ƙyalli kawai. Tsabar kulawarsa ce ta kai shi daidai inda bai kamata ba.

Na kira. Ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Na sake. Sai na tuna ya taɓa gaya min in zai yi aiki mai laushi a aljihun tebur yake kulle waya, don kar hannunsa ya karkace.

"Ke lafiya?" in ji uwar ɗakina, mai shagon, daga bayan kanta.

"Ina zuwa!" Ko mayafina ban yafa daidai ba, a hannu na fita da shi.

Na samu tasi, na kuma samu direban da ya fi kowa son hira a garin. Yana tafe kamar ya ɗauko ƙwai, yana ba ni labarin surukinsa da ya sayi firji ba ya sanyi. A ranar da ba wannan ba, da na saurare shi har ƙarshe in ce Allah ya kyauta. Na ji wata murya ta ce, "Malam, don girman Allah ka taka motar nan!" Sai da ya leƙo ni ta madubi na gane tawa ce.

Wurin Sheƙi fili ne babba mai rufin kwano, motoci a jere, kumfa ko'ina, ruwa na gudu a ƙasa. Na tattare rigata na ratsa, takalmina mai santsi yana neman kayar da ni, wani ma'aikaci ya kauce da tiyo saura kaɗan ya yi min wanka. Can ciki akwai ɗan ɗaki mai ƙofar gilashi. Na hango shi a sunkuye, tabarau a ido, fitila a kan tebur. Ina tura ƙofar na ji ƙarar, siririya kamar kukan sauro.

"A'A! KASHE SHI!"

Ban san ina da murya irin wannan ba. Har masu tiyo a waje sai da suka tsaya. Ya zabura, ya ɗaga injin sama kamar wanda aka ce ya miƙa wuya, ya kashe.

"Auta? Me ya faru? Wa ya rasu?"

Na ja agogon zuwa ƙarƙashin fitilar. A can gefe, dab da baki, wani wuri da bai fi kan ɗan yatsa ba yana walƙiya kamar madubi, har ina ganin idona a ciki. Na sa farce na ƙirga. Ɗaya. Biyu. Uku, tana nan, alhamdu lillahi tana nan. Huɗu. Biyar, wutsiyarsa ta ɗan sirance. Na sake ƙirgawa, ko zan samu ƙari. Biyar.

"Ƙarcen nan ne?" ya tambaya a hankali. "Na ga sun jeru, na ce ko a bakin tebur ya gogu. Yanzu zan bi sauran, minti biyu ma ba..."

"Ba ƙarce ba ne."

Na zauna a kan kujerarsa ba tare da an ce in zauna ba, na gaya masa. Tsohon attajiri, da Baba a kan gado, da yarinya mai kwana tara da ko sunanta ban sani ba. Tunda muka haɗu ban taɓa jera masa magana mai tsawon wannan ba. Bai katse ni ba ko sau ɗaya. Da na gama, sai ya ja wani bokiti ya kife ya zauna a kai, da farin wandonsa, ya dafa ƙirji da hannun da ke da baƙin man gogewa. Yatsu biyar suka fito a farar rigar, bai ko duba ba.

"Wanne ne ya tafi?"

"Na ƙarshe."

"Na ƙarshe wa ke nan?"

Ya ƙirga da bakinsa, ya ɗago.

"Ke? Ke na goge?" Ya riƙe kai. "Inna lillahi. Garin neman gira na rasa ido. Auta, me ya sa jiya ba ki ce min komai ba?"

"Mama na wurin."

"To da safe fa? Kika ce min na tashi lafiya!"

Dariya ta so kuɓuce min a tsakiyar hawaye, na haɗiye su tare. Ya miƙe da sauri ya buɗe aljihun tebur, ya ciro wani siririn ƙarfe mai tsini.

"Akwai hoton bayansa da na ɗauka kafin in fara. Zan mayar da shi daidai inda yake, ko da gilashi ba za a bambance ba. Hannuna ba ya rawa, kin sani."

"A'a."

Abin mamaki, ta biyun ba ta yi wuya kamar ta farkon ba. Na ce masa layin ba don kyau aka ja shi ba, kuma hannun da ya ja shi yana kabari. Ya ajiye ƙarfen. Ya ɓare tef ɗin ɗaya bayan ɗaya, wanda ya ce hannunsa ba ya rawa sai ga shi yana kuskuren kama bakin tef. Ya miƙo min da hannu biyu. Ya ce zai kai ni gida, na girgiza kai. Na bar shi tsaye a cikin kumfa.

Na iso gida bayan azahar, gefen rigata jiƙe, takalmi yana ƙara. Gwaggo ta tare ni tun daga tsakar gida.

"Har ya gama? Kawo mu gani! Kai, yaron nan akwai zafin nama." Ta karɓa ta juya fuskarsa a rana, ta taɓe baki. "To ina ƙyallin? Ni ban ga komai ba. Ko kin je kin hana shi ne da baƙin halin nan naku na gado?"

"Yaya, ba ni nan," in ji Mama daga bayanta. Ta karɓe agogon, ta dube ni sau ɗaya daga sama har ƙasa. "Ke kuma biyo ni."

Ta rufe ƙofar ɗakinta. Ta zauna a bakin gado kusa da taga, ta sa tabaranta mai igiya. Ban ce mata komai ba, amma ba ta ko kalli fuskar agogon ba, kai tsaye ta juya bayansa. Na ga farcenta yana tafiya. A kan na uku ya ɗan tsaya, sannan ya wuce, ya iso wurin da ke walƙiya.

"Ina autata?"

Na zauna a ƙasa. "Mama, kin san da su?"

"Na san da su?" Ta leƙo ni ta saman tabarau. "Wa kike tsammani ya ja su?"

"Baba."

"Babanki?" Ta yi wata 'yar dariya da na daɗe ban ji ba. "Mutumin da in ina naƙuda yake tsayawa a ƙofar asibiti, ko kofin ruwa ba ya iya riƙewa? Reza a wuyan mutane ba ta ba shi tsoro, amma haihuwa sai ya koma yaro. Ni nake ja. Duk ranar da na dawo gida da jariri sai ya miƙo min agogon da allura, ya juya baya, wai shi ba zai iya kallon ana yi wa zinare rauni ba."

"Har ta ukun?"

Ta shafa layin da yatsa. "Ita na fi dannawa."

Daga waje Gwaggo ta buga ƙofa. "Wai me ake ƙullawa ne ba ni? In dai a kan Asabar ne, na riga na aika a wanke labule!"

"Muna zuwa, Yaya."

Mama ta jawo gwangwanin ɗinkinta daga ƙarƙashin gado, ta zaɓi babbar allura, ta goge tsininta a gefen zaninta. Ta ɗora agogon a kan gwiwa, ta riƙe numfashi. Ni ce na juya baya wannan karon. Na ji ɗan sauti, ƙiris, kamar an ja ashana ba ta kama ba.

"Juyo."

Shida. Sabon ya fi 'yan uwansa haske, ya kuma ɗan karkace.

"Ido ya tsufa," ta ce. "Naki na farkon ma a karkace yake, kin zo da gardama. Bar shi ya sha hannu, zai yi duhu kamar sauran." Ta ɗaura min shi da kanta, ta riƙe wuyan hannuna ba ta saki ba. "Yanzu ki gaya min. Ba Gwaggonki ke tambaya ba, ni ce. Yaron nan, kina son sa ko ba kya son sa?"

Kafin in haɗa amsa wayata ta yi ƙara a jaka. Mama ta yi min nuni da haɓa in duba. Shi ne. Babu fure, babu zuciya.

"Na gaya wa kawuna a fasa zuwan Asabar. Wanda ya goge ki daga agogon mahaifinki bai kamata ya shigo gidanku da sabuwar riga yana murmushi ba. Ba sai kin amsa ba. Na san ba kya son yawan magana."

Na karanta sau biyu. Na miƙa wa Mama, ta karanta, ta mayar min. Yatsana ya tafi wurin rubutu kamar yadda ya saba, har na sa harafin farko. Sai na goge shi, na danna kira.

Ringi ɗaya ya ɗauka.

"Auta, wallahi tun da kika tafi ban iya taɓa komai ba, na san ba ni da bakin da zan ba ki haƙuri, amma ki bari in..."

"Malam."

"Na'am?"

A bayan ƙofa na ji takalmin Gwaggo ya daina motsi. Mama ta soke allurarta a jikin matashi, ta gyara zama.

"Yi shiru tukuna," na ce. "Yau ni ce da magana."